Gaisuwar da Ba Ta Kai Madina Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Shehu Abdulganiyyu,
Shehun Hausawan Jarwal, Makka.

Daga:
Dawuda Isa, tela, Jarwal.

9 ga Sha'aban, 1371 (Mayu, 1952)

Game da: Lurwanu mai babbar mota, da ziyarar Rajab da ba a yi ba

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mai wannan takarda, Dawuda, yana kawo kukansa kansa a sunkuye. Da maganar za ta haɗiyu, da ba ta iso zaurenka ba.

1. A farkon Rajab, Dawuda ya ƙudurta kai mahaifiyarsa, Hajiya Sa'adatu, ziyara Madina. Sai aka ji an rufe hanya tsakanin Jidda da Rabig saboda aikin kwalta. Lurwanu ya bugi ƙirji cewa ya san hanyar bakin teku kamar yunwar cikinsa. Dawuda ba ya ɓoye cewa shi ya fi kowa rawar jiki. A ƙasan jirgin ruwa Hajiya ta ƙetaro Bahar Maliya daga tashar Sawakin tana budurwa, ko ruwan ba ta gani ba. Ya so ta gan shi da rana tsaka, a dafa shayi a gaɓa, a ci soyayyen kifi a ƙauyen masunta na Tuwal.

2. Kamar yadda aka saba, maƙwabta suka ɗora wa Hajiya amanar gaisuwa ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Cikinsu har da Rumasa'u, makauniyar tsohuwar da ke bayan gidansu, wadda ba ta taɓa zuwa ba, ba ta kuma sa ran zuwa.

3. Ranar 12 ga Rajab, gaba kaɗan da Tuwal, mota ta nutse a taɓon gishiri har ciki. Nan ta bayyana Lurwanu bai taɓa bin hanyar ba, a gidan gahawa ya ji labarinta. Raƙuman masunta suka jawo motar, ƙarfen ƙafarta a karye. Teku kam, Hajiya ta gan shi har ya ishe ta. Da aka yi gyara guzuri ya ƙare, aka juyo.

4. Duk wannan ƙaddara ce, Dawuda ya karɓa. Abin da ya kawo shi shi ne: don kada ya rasa fasinjan aikin Hajji, Lurwanu ya sayi buhun dabino a kasuwar Jidda, ya kuma aika gida a ɓoye cewa an yi ziyara lafiya. Ranar 21 ga Rajab suka tarar lungu ya cika, ana guɗa, ana turare, mata na sumbatar hannun Hajiya, Lurwanu na rabon dabino da sunan na Madina. Dawuda ya buɗe baki, ya dubi taron, kunya ta rufe shi, ya yi shiru. Wannan shirun yana cin sa har yau.

5. Tun ranar Hajiya ba ta leƙa ƙofa ba, ko sallar Juma'a a Harami ta daina zuwa. Kullum da safe Rumasa'u takan lallaɓo da sandarta ta yi godiya, Hajiya ta shige ɗaki, a ce tana barci.

Saboda haka Dawuda yana roƙo, cikin ladabi, a kira Lurwanu ya faɗi gaskiya da bakinsa a ƙofar masallacin unguwa, shi ma zai tsaya kusa da shi ya ɗauki rabonsa na kunya. A kuma umarce shi ya kai Hajiya Madina da zarar an buɗe hanya, ta kan kwalta, ba ta gaɓa ba.

Yana roƙon a hanzarta, ranka ya daɗe. Rumasa'u ba ta ci nata dabinon ba. Ta ƙulle shi a bakin gyalenta, tana faɗa wa kowa da shi za ta buɗe baki ranar farko ta azumi, azumi kuwa ya ƙarato.

Allah ya ƙara wa Shehu lafiya da adalci.

Mai biyayya gare ka,
Dawuda Isa