Fitila Ta Mutu Sau Biyu, Aka Bar Gimba Ya Shiga

Zuwa ga Mai Girma Di'o, Potiskum.

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Ranka ya daɗe, sunana Audu, maginin rijiya, ɗaya daga cikin leburorin da ke yi wa wani ɗan kwangila haƙa a mashayar shanu, hanyar Damagum. Ban iya boko ba, malamin takarda ne ya rubuta mini, na kuma roƙe shi ya kafa kwafi a bakin kasuwa, domin tsoro nake ji, kuma ran Litinin ni aka ce zan shiga rijiyar da ta kashe ƙanena.

Na farko. Tun kakanninmu, ba a shiga rijiya mai zurfi sai an zura fitila a kunne. In ta mutu, iskar ƙasa ta ɓaci ke nan. Sai a ɗaure ganye a igiya, a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya. Helumanmu, wato shugaban leburori, ya san wannan kamar yunwar cikinsa.

Na biyu. Ran Asabar da ta wuce, da hantsi, muka zura fitila. Ba ta kai gaba goma ba ta mutu. Muka sake, ta sake mutuwa. Heluma ya ce lagwani ne ba kyau, ya ce ɗan kwangila na tafe, ga Fulani masu jiran ruwa sun tsare shi da ido, ba zai tsaya wasan ganye ba. Na ce a ba mu zuwa azahar. Ya ce wanda ke tsoron rami ya koma noman gyaɗa. Ƙanena Gimba, magidanci mai 'ya'ya uku, mutum ne da ba ya son a yi wa wansa gori. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ni na riƙe masa. Alamarmu ta a jawo mutum ita ce a girgiza igiya sau uku. Sau ɗaya na ji a hannuna. Muka jawo shi, leɓɓansa sun yi baƙi, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Na uku. Heluma ya shaida wa dagaci wai farfaɗiya ce ta kama Gimba. Ciki ɗaya muka fito da Gimba, ban taɓa ganin ya faɗi ba. Mutum shida suka ga abin da na gani, amma kowa ya yi gum, don bakin da ya ci shi ke shiru. Ban ga laifinsu ba.

Na huɗu, wanda ya hana ni cin abinci. Da heluma ya ji ina magana, ya ce Litinin za a koma aiki, ni ne farkon shiga, kuma ba za a ƙara kawo fitila ba, wai tana firgita leburori. In na ƙi, zai ce ni na saki igiya. Gaba kura, baya sayaki, ranka ya daɗe. Shekara ashirin ina shiga rami ina waƙa, yau ko guga na gani sai in kau da kai.

Na yarda kowa da ajalinsa. Amma an gaya mini a dokarku wanda ya ga haɗari ƙiri-ƙiri ya tura mutum har rai ya salwanta, yana da shari'a ko bai zare wuƙa ba.

Ina roƙo a dakatar da aikin, a aiko wanda zai zura fitila da hannunsa, a kuma tambayi mutum shidan nan ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban heluma ba. Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya kare ka daga alhakin talaka.

In takardar nan ta iske ka bayan Litinin, a nemi matata Hajara a unguwar mahauta. Na sa ta haddace sunayen shaidun, ta kuma san ba ni da farfaɗiya.

Wassalam.

Audu maginin rijiya.