Bindigarka Mai Cin Hagu

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Ɗanladi mai ruwa, wanda amininsa Baffa Bawa ke kira Sarkin Baka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji, makwancinka a yalwace. Mu nan Hindawiyya lafiya lau muke, sai zafin Makka da ka san halinsa. Inna tana nan, ƙafa na ciwo, baki kuwa garau.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma Baffa Bawa za ka miƙa wa ya karanta maka, shi kuma ya ƙara nasa gishirin. Amma matan da muke zama da su bayan la'asar sun ishe ni da tambayar abin da tsohuwar bindiga take yi jingine a ɗakin da babu namiji. Shi ya sa na ce bari in yi maganar da kai, su kuma su saurara daga bakin ƙofa.

Ban yi wayo ba lokacin da ka sayo ta, a bakin Inna na ji. Ta ce akuyar tatsa aka aike ka saye, don a riƙa sama mini nono. Ka fita da hantsi, ka dawo da azahar da wani dogon abu a naɗe cikin buhu, kana ta fara'a. A lokacin bindigogin da sojan Turkawa suka bari sun watsu a hannun Larabawan ƙauye, ana sayar da su a ɓoye da arha kamar itacen girki. Wai ka ce wa Inna ko kuɗin akuyar ba ta cinye ba, ita kuma ta miƙo maka ƙwarya ta ce to bisimilla, tatso.

Dalilinka ba ɓoyayye ba ne. Kai ɗan maharba ne daga dajin Zazzau. Da ƙafa kuka zo ƙasar nan kai da Inna, kuna tafiya kuna yada zango kuna ƙodago, ta Fallomi, ta Sudan, shekara da shekaru. A hanya kura ta cinye muku jaki kana tsaye da sanda a hannu, kuma wannan abin kunya bai taɓa barin zuciyarka ba. Ka rantse ba za ka sake bin wannan hanya hannu rabbana ba. Duk shekara idan alhazai suka watse, sai ka ciro bindigar, ka shafa ta, ka ce, "Baɗi war haka muna Zariya."

Baffa Bawa tela kuwa, amininka da katanga ɗaya ta raba mu, tun ranar da ya ɗora ido a kanta ya ƙi jininta. Ga shi Bakano, kai Bazazzagi, dama wasa ya halatta. Hujjarsa ita ce da bindigar kirki ce da masu ita ba su bar ta sun gudu ba. Ya ce gindinta ya tsage, bakinta ya ci tsatsa, harsasanta kuma sun girme ni. Karatunsa kullum ɗaya ne, araha ba ta ado.

Kai kuma ka ce da tsohuwar zuma ake magani. Ƙarfen da ya je yaƙi ya dawo da ransa, a cewarka, ya fi sabon da bai taɓa jin warin albarushi ba. Kana nuna mana wani rubutu da aka buga a jikinta kana cewa sunan babban sarki ne. Baffa Bawa ya duba ya ce shi dai a karatunsa gargaɗi ne aka rubuta wa wanda zai saya.

Gardamar nan ba ta tsaya a gidanmu ba. Ta bi ku har wurin mai shayi, ta raba mazan unguwa. Wasu suka ce ta Turkawa ce bindiga, wasu suka ce ai ta Ingilishi ta fi ta sauƙin ɗauka da saurin ɗuri. Wani tsoho Bagobiri ya ce dukkansu shirme ne, bindigar toka ta gida ita ce mai jin magani. Abin da na gane daga baya shi ne, a duk majalisar nan babu wanda ya taɓa jan kunamar ko ɗaya daga cikin bindigogin da ake musu a kansu. Masu ɗinki ne da masu dako da masu tsire.

Kai da kake maharbin gaske kuwa, Allah ya ajiye ka a garin da ba a farauta. A cikin Harami ko tsuntsu ba a kashewa, ko razana shi ba a yi. Tattabarun Makka kuma kamar an karanta musu wannan hukunci. Ina tuna su suna sauka a kan shanyar alkamar Inna, sun yi ɓul-ɓul, suna tafiya suna rangaji a gabanka. Kana zaune ka dawo daga jigilar ruwa, kafaɗa duk ta yi kanta, kana binsu da ido kana haɗiyar yawu kana istigfari.

Wata rana ka jingine bindigar a tsakar gida tana shan iska, wata tattabara ta zo ta sauka a kan bakinta, ta gyara zama, ta yi abin da tattabaru ke yi. Baffa Bawa ya leƙo ta katanga ya ce alhamdulillahi, yau dai an samu wanda ya gane amfaninta. Ya kuma tuna maka cewa fansar tattabarar Harami tunkiya ce, saboda haka kowane harsashinka da tunkiyarsa yake tafe, ina arhar take.

Ita Inna ba ta shiga gardamarku. Abin da ya dame ta man shanunta ne. Duk inda ta ɓoye shi sai ka gano, ka lakata, ka shafe bindigar da shi har tana ƙyalli, mu kuma mu ci tuwo gaya. Ta rama ta hanyarta. Idan ka fita, da ita take tokare ƙofa, da ita take zaƙulo shanyar da iska ta ɗora a kan katanga, sau ɗaya ma na gan ta tana kaɗe tabarma da gindinta. Ta ce tunda abin ya ci man shanunta dole ya yi mata aiki.

Haka muka yi ta dariya har shekarar da dariyar ta tsaya. Bayan an gama babban yaƙin Turawa hanya ta buɗe, sai ga wani ayari na mutanen ƙasarku za su koma gida ta ƙasa. Madugunsu ya ji labarin akwai maharbi mai bindiga a Hindawiyya, ya zo har zaure ya ce irinka suke nema. Ya kawo maka gaisuwar dangi, ya ce gonar gidanku tana nan, ya kuma tuna maka cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A gaban mutane aka yi maganar, mutanen da suka shekara suna jin kana cewa baɗi. Ba ka da wurin ɓuya. Ka ce ba a fafe gora ranar tafiya, za a gwada bindigar, in ta tashi kuma ta ci daidai, da mu za a tafi.

Baba, ban taɓa gaya maka irin tsoron da na ji ba. A nan aka haife ni. Zariya a wurina suna ce kawai da kake ambata idan ka gaji. Hausata ma rabi Larabci ce, har kana yi mini dariya idan na ce tanaka maimakon gwangwani. Inna kuwa ta fara ɗaure kaya. Ƙannena biyu suna kwance a maƙabartar garin nan, kuma na san ba kayan ne suke yi mata nauyi ba. A kwanakin nan ko man shanun ta daina ɓoyewa.

Tunda ba a harbi a cikin Harami, sai aka yanke a fita Tan'im, bayan alamomin iyaka, inda mutane ke zuwa ɗaura haramar umra. Aka ce a yi gwajin tukuna, sannan a ɗaura harama, kada a haɗa ibada da ɓarin wuta. Ka naɗe bindigar cikin tabarma, Inna ta cusa tsintsiya a bakin naɗin don mai gani ya ɗauka shara za mu je yi, aka ɗora wa jakin haya. Ka ɗauko tsohuwar tanakarka ta ɗiban ruwa, wadda ta fara yoyo, ka ce ita ce za ta zama barewa.

Ka kafa tanakar a kan dutse ka ja da baya. Madugu ya laɓe bayan wani dutsen. Baffa Bawa ya laɓe bayan jaki, ya nemi gafararka, ya yafe maka, ya kuma ce wa Inna ta yi haƙuri, takaba ba ta da tsawo. Ni na toshe kunnuwana ina addu'ar da ban taɓa tsammanin 'ya za ta yi wa mahaifinta ba, wato Allah ya kunyata ka.

Ba a karɓi addu'ata ba. Bindigar ta tashi da ƙarar da duwatsu suka yi ta maimaitawa. Kai ka zauna daɓas a ƙasa, hularka ta yi nata wuri. Jaki ya zabura ya bar Baffa Bawa a fili yana riƙe da iska. Tanaka kuwa ta yi sama ta faɗo tana ƙara. Da aka ɗauko ta, ga huda a tsakiyarta cif, kamar an auna da zare. Madugu ya yi kabbara. Baffa Bawa kuwa fuskarsa ta yi fari kamar shi aka harba.

Ka karɓi tanakar kana jujjuya ta. Ka daɗe. Ka dubi Inna, ita kuma tana kallon ƙasa. Ka dube ni. Ka waiwaya ka dubi duwatsun da Makka take bayansu. Sannan ka girgiza kai ka ce, "Tana cin hagu." Madugu ya nuna maka hudar da yatsa, ya ce ai tsakiya ce. Ka ce shi ne matsalar, domin kai kunnen tanakar na dama ka auna, kuma ba za ka ɗauki iyalinka ka shiga dajin zakuna da bindigar da ba ta zuwa inda aka aike ta ba.

Kowa ya juya ga Baffa Bawa, tunda shi ne ma'abocin awo. Ya karɓi tanakar, ya zura yatsa a hudar, ya auna da taƙi daga nan, ya auna daga can, ya kanne ido ɗaya irin yadda yake yi idan zai yanka yadi. Ya ce hagu ƙwarai, shi tun daga ƙararta ya ji ta karkace. Tun da nake ban taɓa jin kun yarda da juna a kan bindigar nan ba sai ranar, kuma duk ku biyun ƙarya kuka yi, kuna dab da ɗaura harama. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Har yau ban san ko dariya take yi ko kuka ba, na tambaye ta ta ce ƙura ce.

Ayari ya tafi ba mu. Kashegari gardama ta koma inda take, kana yabon ƙarfen Turkawa yana kushewa. Abu ɗaya ne ya canja, ba ka ƙara cewa baɗi ba. Na san kana kewar gida, ina jin ka wani lokaci kana rera kirarin maharba ƙasa-ƙasa idan kana gyaran igiyar jigilar ruwa. Ka zaɓe mu, ka ɗora wa bindiga laifi, ita kuma ta ɗauka ba ta ce komai ba. Tanakar nan Inna ta cika ta da ƙasa ta shuka ɗoɗɗoya, ta ce hudar ta yi daidai da tsiyayar ruwa.

Yanzu ga labarin da ba ka sani ba. Bayan rasuwarka Baffa Bawa ya lalace. Ya rufe keken ɗinkinsa, ya daina zuwa wurin mai shayi, abinci sai an yi da gaske. Ran nan ya yi sallama ya ce in ɗauko masa bindigar. Ya ɗora ta a cinya, ya roƙi Inna man shanu, ta ba shi ba musu. Yana shafawa ya ce, da murya kamar ba tasa ba, gaskiya babu ƙarfe irin na Turkawa. Ya juya yana jiran amsa daga inda ka saba zama.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa, Baffa, araha dai ba ta ado. Ya ɗago ya dube ni kamar na zagi kakansa. Ya ce me na sani, yarinyar da ko Hausa ba ta ishe ta ba. Ya kawo tsohuwar zuma, ya kawo sunan babban sarki, duk hujjojinka ya zazzage mini su ɗaya bayan ɗaya, ashe ya haddace. Yana faɗa yana kai loma, har ya cinye tuwon da Inna ta ajiye masa ya nemi ƙari.

To ka ji aikina yanzu, Baba. Kullum bayan la'asar ina kushe bindigarka, shi yana kare ta, ya koma ɗinki, har ƙiba ya fara yi. Ka yi mini afuwa, ba har zuci nake yi ba. Da na gaya masa zan rubuta maka takarda sai ya yi tsaki ya ce aikin banza. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba, ya ce in dai zan rubuta, in gaya wa Sarkin Baka tsakiya ta huda, kuma ya gode.

Ina kewarka ƙwarai, Baba. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yafe muku ƙaryar Tan'im kai da amininka. Allah ya saka maka da alheri a kan kowace tanakar ruwa da ka ɗauka don mu ci, ya haɗa ka da ƙannena, ya ba ka dausayin da ya fi na Zazzau. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Inna tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana bin ka akuya.

Ni ce 'yarka,
Hauwa'u
Hindawiyya, Makka