Safar Hannu Ɗaya Take Yini da Ita, Kuma Ita Za Ta Karɓi Haihuwar Ƙanwata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, akwai 'yan unguwarmu a nan ciki. Shawararku nake roƙo, don Allah ku ba ni ita tsakani da Allah, abin nan ya daɗe yana cina kuma yanzu lokaci ya ƙure min.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, shekarata ashirin da shida. Bayan na gama makarantar koyon aikin lafiya na yi kusan shekara biyu a gida babu aiki, sai bara Allah ya sa na samu a wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Tudun Wada, Zariya, ba zan kama sunansa ba. Wadda ta samo min aikin ita ce babbar nas ɗin wurin, aminiyar Ummata ce tun suna 'yammata, duk unguwa Mama Nas ake ce mata. Ta yi ritaya daga aikin gwamnati ne likitan da ke da asibitin ya ɗauko ta, shi kuwa likitan sai yamma yake leƙowa in ya taso daga nasa aikin, don haka kusan komai a hannunta yake. Ita ta karɓi haihuwarmu, ni da ƙannena duka. Kuma in za a faɗi gaskiya matar nan ta san aiki, na ga jariri ya taho da ƙafa ta fito da shi lafiya lau, kuma ba ta taɓa daka wa mai naƙuda tsawa ba. Na faɗi wannan ne don kada ku ɗauka ƙinta nake yi.

Satina na farko aka kawo wani dattijo mai ciwon suga, ƙafarsa ta ruɓe, tun daga ƙofa ake jin warin. Mama Nas ta sa safar hannu ta warware tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, ta matse mugunya, ta wanke, ta ɗaura bandeji, ina tsaye ina miƙa mata auduga. Tana gamawa wayarta ta yi ƙara, ta ciro ta daga aljihu da safar nan a hannu, ta gama magana, ta gyara ɗankwalinta, ta ɗauki biro ta yi rubutu a kati. Sai ga wata mai jego da jaririn kwana shida, cibiyarsa tana ɗan ruwa. Wallahi da idona na ga ta ɗauraye safar a famfo kamar mai wanke hannu bayan cin tuwo, ta goge a jikin rigarta, ta miƙa hannu za ta taɓa cibiyar yaron. Na yi sauri na zaro sabuwa daga aljihuna, ragowar wadda na zo da ita daga makaranta, na ce, "Mama ga sabuwa." Ta dube ni ta yi dariya ta ce, "'Yan boko. Ajiye abarki, wannan ba ta huje ba." Ta taɓa cibiyar.

Da na daɗe na gane ba mantuwa ba ce, haka tsarin yake. Safa ɗaya take sawa da safe ta yini da ita, sai in za ta yi alwala ta cire ta ajiye a kan tebur, ta idar ta mayar. A wurinta safar don kare hannunta ce daga ƙazantar mutane, abin da za ta kwasa daga jikin wannan ta kai wa wancan ba ya cikin lissafinta. A bayan asibitin kuma kusa da banɗaki akwai wata roba shuɗiya, nan ake tara safar da aka yi aiki da ita, har ta ɗakin haihuwa, a zuba garin sabulu a cuɗa, a shanya a igiya, ƙudaje suna bi, in ta bushe a barbaɗa hoda a jera a cikin kwali kamar sabuwa. Takunkumin rufe hancinta ɗaya ne tal a dirowa, ya yi dauɗa har ya canza launi, tare yake da goronta. Rigar leda da ake sawa wajen karɓar haihuwa kuwa jinin jiya yana bushe a jikinta ake sa ta yau. Abin da ya fi ƙona min rai, ba wai babu kayan ba ne, kwalaye suna nan jibge a sito, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. In ka tambaya ta ce almubazzaranci ne, su a zamaninsu da hannu tsirara suka yi aiki kuma ga su nan da ransu.

Na sayo kwalin safa guda da kaina na ajiye a teburina. Kwana biyu ya ƙare, saboda sauran ma'aikatan ma ashe suna so, tsoro ne ya hana su magana. Ita kuma ta ce fariya nake yi, ina nuna na fi kowa tsabta.

Akwai wata tsohuwa mai shara da goge-goge, Inna Lami, daga wajen Kwangila take zuwa a ƙafa kullum. Ita ke cuɗa safar nan a roba, ita ke kwashe shara, babu safa mai kauri, babu takalmin roba, silifas ne kawai. Kwalin da ake zuba allurar da aka yi amfani da ita ya cika tun tuni ba a kawo wani ba, sai ake jefa su cikin kwandon shara. Wata safiya ina wucewa na ga ta danna shara da tafin hannu don ta shige leda, sai ta yi firgigit ta janye, allura ta soke ta a yatsa. Kafin in isa ta riga ta sa yatsan a baki ta tsotse, ta tofar, ta ci gaba da aikinta. Na kama hannunta na kai famfo, na ce Inna dole a yi miki gwaji yau, akwai maganin da ake fara sha da wuri. Ta ce, "'Yar nan, ai wannan ba shi ne na farko ba, ko na biyar." Na je na gaya wa Mama Nas, ta ce kada in kuskura in tayar wa baiwar Allah hankali, Allah ne ke tsarewa. Ni na lallaɓa Inna Lami bayan an tashi na kai ta wani wuri aka yi gwajin, ba zan faɗi sakamakon ba domin sirrinta ne, amma dai tun ranar nake jin nauyin haɗa ido da ita.

Sai maganar wata yarinya 'yar Tudun Jukun, haihuwar fari, ta ƙaru aka yi mata ɗinki. Ina wurin, kuma a nan ne nawa laifin yake, shi ya sa na ce a ɓoye sunana. Jini ya ɓalle mata, Mama Nas ta ce in zo in taimaka, na duba aljihu babu sabuwar safa, sito a kulle, ba lokacin gardama ba ne. Na zari ta cikin kwalin nan, wankakkiya, har da danshi a cikin yatsun, na sa na yi aiki da ita. Jinin ya tsaya, aka sallame ta washegari. Kwana biyar aka dawo da ita a keke napep, zazzaɓi kamar wuta, ɗinkin ya buɗe, warin da ke fitowa daga jikinta sai da mahaifiyarta ta toshe hanci da mayafi. Likita ya tura su babban asibiti, ta yi sati uku a kwance, jaririn yana hannun kaka ana ba shi madara. Ta rayu alhamdulillahi. Ba zan iya rantsuwa cewa safar ce ta jawo ba, zai iya yiwuwa daga gida ne, amma ba zan iya rantsuwa ba ita ba ce. Bayan an sallame ta mijin ya zo har asibitinmu ya durƙusa yana yi wa Mama Nas godiya da addu'a, wai ita ta gane matsalar da wuri. Tana ta cewa ba komai, ƙaddara ce, Allah ya ƙara lafiya. Na fice na bar su a wurin.

Washegari na same ta ita kaɗai, na durƙusa kamar yadda nake yi mata a gida, na yi magana a hankali. Na ce ni 'yarta ce, ba raini ba ne, amma abin da muke yi zai iya kashe mutum, ta taimaka ta buɗe siton nan. Ba ta bar ni na ƙarasa ba. Ta ce da hannun nan ba safa ta zaro ni daga cikin uwata, ta yanke min cibi, yau ni ce zan koya mata tsabta. Ta ce takardar da nake taƙama da ita shekara biyu tana cikin akwati sai da ita ta sa baki. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na tarar da Umma a tsakar gida ko sallamata ba ta amsa ba, ta ce na kunyata ta, aminiyar shekara arba'in na je na kira ta ƙazama. Na rantse ban faɗi kalmar ba, na fara ba ta labarin roba da igiya, ta ɗaga min hannu ta ce ba ta son ji, gobe in je in ba da haƙuri. Na je na bayar.

Duk da haka na samu likitan a ofis. Ya nuna mamaki, ya ce shi bai taɓa hana a yi amfani da kaya ba, ya fito ya sa aka buɗe sito aka raba wa kowa, aka kwance igiyar. Sati ɗaya aka yi ana abin arziki. A na biyu igiya ta dawo, sai dai yanzu a bayan tankin ruwa inda ba ya zuwa. Na sake yi masa magana ya ce in yi haƙuri da dattijuwa, mata saboda ita suke zuwa asibitin, in ta tafi wa zai riƙe masa wurin. Ita kuma ta mayar da ni teburin ba da kati, ta hana ni shiga ɗakin haihuwa, sauran ma'aikata in na shigo sai su yi shiru. Da sallah ta aiko mana da dambun nama kamar yadda ta saba duk shekara, kowa na ci yana santi, ni ina kallon kwanon ina tuna hannun da ya yi shi, na tashi na bar wurin. Har abin ya taɓa ni kaina, hannuna ya fara tsagewa saboda yawan wanki, Umma na cewa waswasi ya kama ni.

To ga inda nake yanzu. Ƙanwata mai bi min, wadda aka yi wa aure bara, cikinta wata takwas, na fari, kuma a wurinmu take awo. Umma ta riga ta yanke cewa Mama Nas ce za ta karɓi jikanta na farko kamar yadda ta karɓi 'ya'yanta, har ta gaya mata, ita ma tana ta murna tana cewa jikanta ne. Mijin ƙanwar tawa malamin makaranta ne mai kunya, na ɗan yi masa nuni ya ce shi duk abin da Umma ta ce shi ke nan, ba zai fara saɓa wa suruka a kan haihuwar fari ba. Babanmu ya rasu, kawunmu kuwa matarsa ma a hannun Mama Nas take haihuwa.

Na yi tunanin in kai ƙara wurin hukumar da ke duba asibitocin kuɗi, na ma ɗauki hoton robar da igiyar a wayata. Amma kowa zai san ni ce, babu wani da ya taɓa ɗaga murya sai ni. In an rufe wurin, Inna Lami da sauran ma'aikata sun rasa abin yi, matar da ta goya ni ta tozarta da furfurarta, Umma kuma ban san ko za ta yafe min ba. Kuma in an bincika ni ma hannuna yana ciki. Na yi tunanin in ajiye aikin in huta, amma barina ba zai kwance igiyar nan ba, mata za su ci gaba da hawa gadon. Na yi tunanin in haɗa baki da ƙanwata ranar da naƙuda ta tashi mu wuce wani asibitin, daga baya a ce abin ne ya zo da gaggawa, amma ƙarya ce zan yi wa mahaifiyata, kuma na ceci tawa na bar 'ya'yan wasu.

Shekaranjiya ƙanwar tawa ta zo awo, ta zauna a benci kusa da teburina tana jiran a kira ta. Ban taɓa gaya mata komai dalla-dalla ba don kada in tsorata ta, amma ta san an yi rigima. Ta matso ta rage murya ta ce, "Yaya, in ke ce mai cikin nan, za ki haihu a ɗakin can?" Na sunkuyar da kai na yi kamar ina neman katinta. Ta ce, "Na ji amsar." Sai aka kira sunanta, ta dafa teburin ta miƙe da ƙyar ta shiga.

Jama'a, musamman ma'aikatan lafiya da iyaye mata da ke nan, me zan yi? In kai ƙarar ko da zan rasa aiki da fuskar Umma? In zaunar da Umma in nuna mata hotunan ko za ta ce na ƙara cin mutuncin aminiyarta? Ko in ɗauke ƙanwata a ɓoye in ji da sauran daga baya? Malamai kuma ku gaya min, shirun da na yi a baya da safar da na sa wa yarinyar nan, akwai haƙƙinta a kaina, sai na je na gaya mata? Don Allah ban da zagi, na riga na zagi kaina. Sati huɗu ya rage mata a lissafi, kuma haihuwar fari tana iya zuwa kafin nan.