Tsanin da Na Ce Maka Babu

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida. Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan Guangzhou lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Na san ba ka taɓa waya sai don amsa kira, saboda haka ƙanena Nura ne zai karanta maka wannan wasiƙa. Da gangan na sa ta a fili inda kowa zai gani, don kada ya tsallake wuraren da suka shafe shi. In ya tsallake, akwai masu kawo mini rahoto.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, Baba. Tsanin nan da fitilun da ka ce a sayo wa motarka, waɗanda na yi sati uku ina cewa ban samu ba, ƙarya na yi. Akwai su. Mutanen nan in ba su da kaya sai su kaɗa hannu su ce "meyo", wato babu. To, shi na ara na yi ta yi muku, alhali a kasuwar kayan mota akwai layi guda da ba a sayar da komai sai su. Ba tsada ce ta hana ni ba, ba kuma rashin lokaci ba. Kishi ne.

Tun da ka ajiye tuƙin babbar mota ka ce kai ba za ka zauna a ƙofar gida kana korar ƙuda ba. Ka sayi a-kori-kura, ka sa masu walda suka ɗora mata ɗaki a baya, da gado da taga biyu da wurin ajiye buta, don ka riƙa zagaya dangi da tsofaffin abokan tuƙi. Wa ya raka ka wajen masu walda? Nura. Wa ya zaɓi fenti? Nura, shi ya sa ta fito shuɗiya kamar motar tallan burodi. Wa zai tuƙa ka? Nura dai. Ni kuwa sai hotuna ake turo mini, kowanne yana tsaye a gefenka haƙora waje, sannan a biyo ni da jerin kayan da zan sayo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Amma ni na fara hawa saman mota da kai, ko ka manta? Ina ɗan shekara tara, ka ɗauko albasa, ranar ashirin da tara ga Sha'aban. Ka tsaya a gefen hanya bayan Funtuwa rana tana shirin faɗuwa, ka cicciɓe ni ka ɗora a kan buhuna, ka hau ka zauna kusa da ni. Ka ce, "Mai neman wata ba ya waige." Idona har ruwa ya yi don kallo. Kai ka fara ganinsa, siriri kamar yankan farce, ka kama kaina ka juya shi saitin yatsarka. A lokacin ko cikin Nura ba a yi ba.

Duk da haka ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Da ina ƙarami "yaron nan" ne, da na zo nan na koma "mutumin Sin". Nura kuwa kafin a karya kumallo ka kira shi sau goma. Na sani kunyar ɗan fari ce, haka ka taso ka ga ana yi, haka ma mahaifinka ya yi wa yayanka Baffa. Amma sanin dalili ba ya hana abu ciwo.

Shi ya sa ranar da Nura ya ce mini burinka shi ne a gama motar kafin azumi, ku je gonar ƙauye ka hau rufinta ka nemi wata, sai kishin nan ya taso mini. Wato shi za a kama wa kai a nuna masa. Ni kuma in sayo tsanin!

Jiya dai kunya ta ishe ni, na shiga jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Xiaobei na tafi kasuwar.

Na fara da fitilu. Nura ya rubuta a sayo doguwar farar fitilar nan da ake ɗorawa a goshin mota, mai haske kamar filin ƙwallo. Ban saya ba, kuma wannan karon ba don kishi ba. Sau nawa na ji ka kana cewa direban da ya kashe maka ido da fitila bai san darajar rai ba? Na ɗauki ƙanana guda biyu masu hasken ruwan ɗorawa, na gefen da za ka shimfiɗa tabarma, don ba sa tara ƙwari kamar fararen. Na ƙara ɗaya ta saman ƙofar baya saboda alwala. Kowacce da makunninta daban, yadda in za ka duba sama sai a kashe su duka. Mai shagon, wata mata mai saurin magana, ta tsoma ɗaya a bokitin ruwa tana kunne don in ga ba ta jin ruwa. Ina kallon hasken nan sai na hango ku a ƙarƙashinsa, kai da Nura da butar shayi, kana ba shi labaran hanyar da ni ya kamata in ji. Wallahi saura kaɗan in ce ta mayar da kayanta.

Sai muka zo kan tsani. Iri biyu ta nuna mini. Ɗaya ana ɗaure shi da noti a bayan mota, a miƙe yake sak, ba ya motsi, ba ya bukatar kowa ya riƙe. Ɗayan kuma yana shigewa cikin kansa ya gajarce, in za a hau sai a zaro shi a jingina a karkace. Matakansa faffaɗa ne, tsoho zai hau shi a hankali ba wahala, amma dole sai wani ya tsaya a ƙasa ya riƙe.

Ko tunani ban yi ba na nuna na farkon. Na ce wa kaina ai ya fi ƙarfi. Gaskiyar magana ita ce, so nake ka hau ba tare da ka bukaci Nura ba.

Akwai irinsa da suka kafa a bango don gwaji, na hau. Ni da nake da shekara arba'in da biyu sai da gwiwata ta yi ƙara, sai da na ja jikina da hannu. Na tuna Inna ta ce mini yanzu wani lokaci a kujera kake sallar nafila. Duk da haka na sauko na ce ta naɗe mini shi. Ka ga inda kishi ya kai ɗanka, Baba. Allah ya yafe mini.

Matar ta tambayi tsawon motar daga ƙasa zuwa rufi. Na buɗe saƙon muryar da Nura ya turo tun sati uku, wanda ban taɓa jin ƙarshensa ba, don da ya fara dariyar nan tasa nake kashewa. Wannan karon na bar shi saboda ina neman lambar. Ya faɗi awonsa, ya yi dariyarsa. Sai na ji muryarka daga bayansa kana cewa, "Bar wannan awon naka. Kamu shida ne da taƙi. Ku ce wa mutumin Sin ya auna da hannunsa, ai hannunmu ɗaya ne."

Sau uku na maimaita wurin.

Na ce ta ajiye wancan, ta zaro mini mai jinginar. Na naɗe hannun riga, na durƙusa a tsakar shago, na fara aunawa daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa yadda kake auna igiyar ɗaure kaya. Kamu shida da taƙi, sannan na ƙara biyu saboda karkata da kuma abin da za ka dafa in ka isa sama. Ta miƙo mini tef na ƙi karɓa, ta fashe da dariya har ta kira mijinta ya zo kallo. Da ta gwada da tef ɗin daga baya, awon hannuna ya zo daidai da na Nura, amma wannan ba sai an faɗa masa ba.

Na daɗe ina kallon hannun nan nawa. Har ƙaramin yatsan da ya ɗan lanƙwashe irin naka ne. Shekara talatin ina ƙirga sau nawa ka kira sunan wani, ashe kai kana can ka san tsawon hannuna ba tare da ka auna ba.

Kayan suna wajen mai tura kaya tun safe. Ban ba jirgin ruwa ba, ta sama za su taso daga filin jirgin Baiyun, in sha Allahu za su riga ƙarshen Sha'aban isowa.

Kada ka ɗauka kishin ya tafi. Yana nan daram, kuma ranar da za ku tafi gonar ba na jin zan iya cin abinci. Amma na zaɓi tsanin da sai da Nura zai hawu, da hannuna na zaɓa. Don haka ka faɗa masa, tun da ga shi nan a gabanka: ya taka matakin ƙasa da ƙafarsa, ya riƙe da hannu biyu, waya kuma ta zauna a aljihu har sai ka sauko. In ka ga watan, ka kira shi ya hau, ka kama kansa ka nuna masa. Ban so ba, amma na yarda.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ƙarfafa gwiwarka, ya bar maka hasken idonka. Allah ya hau da kai lafiya ya sauko da kai lafiya, ya nuna mana azumin bana da na baɗi. Allah ya yi wa Nura albarka, ya kuma rage masa dariya. Amin.

Sunana kuwa ba sai ka faɗa ba, Baba. Na ji.

Ɗanka,
Mutumin Sin