Kaɗa Wuya a Kan Kujerar Aski

Daga: Filibus Yakubu,
Mai aski, Shago na 4,
Layin Tsamiya, Kakuri, Kaduna.

9 ga Yuni, 2008

Zuwa ga: Alhaji Mamman Ɗanjuma,
Shugaban Ƙungiyar Masu Shagunan Layin Tsamiya.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TASHAR WAƘOƘIN INDIYA DA ABIN DA YA SAMI GASHIN BAKIN SHUGABA

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan iyali suna lafiya, na sami labarin kwamiti zai zauna ranar Asabar, 14 ga wata, domin karɓe mini shago. Ina roƙon a duba waɗannan koke-koke tukuna.

1. Kamar yadda Shugaba ya sani, dikodar talabijin ɗaya muka haɗu muka saya a layinmu, aka ja waya ta bango zuwa kowane shago. An ajiye ta wurin Madam Ngozika mai kitso saboda ƙofarta ce ta ƙarfe. Abin da ta kunna shi kowa ke kallo. Tun 3 ga Maris ta kafe mu a wata tashar Indiya, inda samari da 'yan mata ke waƙa da tsalle daga safe har a tashi kasuwa. Babu mai jin yarensu a layin nan, har ita Madam ɗin.

2. Ba ni da ƙiyayya da Indiyawa. Matsalar wuyansu ce. Da ganga ta tashi sai su fara kaɗa kai hagu da dama, wanda ke kan kujerata shi ma ya ɗauka ba tare da ya sani ba, alhali injin aski na kan ƙeyarsa. Wanda ya zo gyaran fuska sai ya tashi da tal-kwabo, domin ita kaɗai ce hanyar rufe ɓarnar. Baba Ernest, tsohon ɗan sanda, ya rantse mini bai motsa ba, yana rantsuwar kafaɗarsa tana rawa.

3. Na kai kuka wurin Madam Ngozika cikin mutunci. Ta ce tashar ce ke zaunar mata da kwastomomi, kuma ita ba a taɓa ɓata mata layin kitso ba. Ranka ya daɗe, mai kitso kan yana damƙe a hannunta. Ni kuwa a sake ake ba ni shi.

4. Na kashe talabijin ɗina, samari suka koma shagon ƙarshen layi. Waɗanda suka rage kuma kiɗan ya biyo su ta bango. Na toshe wa wani kunne da auduga, ya ci gaba da kaɗawa da abin da ya haddace. Ga kuma masu zuwa su ce in yi musu askin da gashi zai riƙa tashi idan iska ta kaɗa. Na kafa wa ɗaya fanka a goshi don ya gani da idonsa, ya ce hannuna ne bai iya ba.

5. Ranar Juma'a, 6 ga Yuni, Shugaba ya zo a daidaita masa gashin baki kafin masallaci. Na ɗora inji ke nan aka buga ganga. Cikin dukkan girmamawa nake shaida cewa wuyan Shugaba ya tafi hagu, ya kuma dawo. Ɓangaren dama na gashin bakin ya tafi a nan. Na hagun, Shugaba ne da bakinsa ya ba da umarnin a cire. Na ji an ce jikarsa ta ƙi yarda ya ɗauke ta, kuma wallahi abin ya dame ni.

Ranka ya daɗe, gashin baki zai fito. Ni tun da aka rufe masaƙa aka sallame mu, kujerar nan ce abincin gidana, da ita yarana ke zuwa makaranta. Idan aka karɓe ta ban san inda zan dosa ba, kuma tsoro nake ji.

Saboda haka ina roƙo a umarci Madam Ngozika ta riƙa juya mu zuwa tashar labarai ranakun Juma'a da Asabar, ko a ba ni dikoda tawa. Ina kuma roƙon a yi zaman kwamitin a cikin shagona, talabijin a kunne, Shugaba a kan kujera, ni kuma hannuwana a baya. Idan waƙa guda ta ƙare wuyan Shugaba bai motsa ba, zan miƙa makulli a gaban kowa ba tare da wata magana ba.

Allah ya ƙara wa Shugaba girma da haƙuri.

Naka mai biyayya,

Filibus Yakubu