Kar Ka Yarda da Jan Zaren

Auta,

Ka dawo ina barci, zan fita kana barci. Kar ka jona akwatin kiɗan nan da ka haɗa sai ka karanta wannan.

Jiya Umma ta shiga ɗakinka shara. Ta kwashe baƙaƙen adaftocin nan uku ta zuba a kwando, ta kwance jan zaren da ka ɗaura wa naka, wai zaren ɗinkinta ne. Da na ce mata alama ce, sai ta mayar. Amma a kan wanne ta mayar, ita ma ba ta sani ba. "Ai duk bakinsu ɗaya," in ji ta.

Bakin ɗaya ne, wutar ce ba ɗaya ba. Kai ka ce akwatin bolt biyar yake ci. Ɗaya a cikinsu na rediyon Abba ne, sha biyu yake bayarwa, rubutun jikinsu kuma duk ya goge. Na san halinka: ka makara, ka figi mai zaren, ka cusa, sai ƙauri. Watannin da ka yi kana ƙona yatsu da dalma su tashi a banza, ga mutane na jiranka a situdiyo.

Mitarka na kan firij. Auna kowanne tukuna. In ba ka ga biyar da idonka ba, bar shi a kashe.

Kuma kar ka yi wa Umma faɗa. Ko shayi ta kasa sha da safen nan.

Yayarka