Allurar da Ta Ƙi Tsayawa

Jalingo, ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ina zaune ni kaɗai a ɗakin gwaje-gwaje, an kawo wuta bai fi rabin awa ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga mahaifiyata, Dada, tare da gaisuwar girmamawa da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Ba ki ga ranar da na gama jami'a ba, ba ki kuma ga wannan ɗakin ba, don haka bari in faɗa miki abin da ke gabana. Wata 'yar kwalba ce mai murfi, ba ta kai kofin shayinki ba, bututu uku sun shiga cikinta. Na farko yana tura iska, na biyu yana zuƙe ta, na uku shi ke ɗaukar ruwan da ke cikin kwalbar zuwa kan wata matata mai laushi. A gefe akwai agogon awo mai allura. Aikina shi ne allurar ta tsaya wuri ɗaya. In matsin iskar ya yi yawa, matatar ta yage. In ya yi ƙasa, ruwan ya dawo baya da kumfa.

Gobe ba ruwan famfo zan zuba ba. Shugabarmu, Madam Rifkatu, ta kawo ruwan wata rijiya daga wani ƙauye a bayan Lau, inda yara ke ta gudawa. Kwalba ɗaya ce tal. Ita kuma gobe da sassafe za ta koma can duba sauran rijiyoyin, ta bar ni da shi. In na ɓata, sai an sake ɗebowa, mutanen kuma su ci gaba da zaman jira ba su san ko su sha ko su bari ba.

Tun Litinin nake gwadawa, Dada. Allura ta hau, in buɗe bututun zuƙa da sauri, ta faɗo ƙasa, in buɗe na iska, ta sake wucewa. Haka muke ta yi ni da ita. Madam ta tsaya a bayana ta ce, “Asma'u, hannunki ya cika sauri. Ba injin ne yake rawa ba, ke ce.”

Sai na tuna madambacinki a gidanmu na Barade. Kin naɗe bakinsa da jiƙaƙƙen tsumma, kin koma kan tabarma kina tsince zogale, ni kuwa ina ta kewaya murhu. Da na kai hannu zan ɗaga murfi, sai in ji muciya a bayan hannuna. “Tururi ba ya son ɗan leƙe,” kike cewa. Ko kallona ba kya yi.

Ɗazu na murɗa na iska kaɗan, na zauna a kan hannuwana. Allurar ta hau, ta wuce inda nake so. Ban taɓa komai ba. Ta yi rawa, ta dawo, ta tsaya. Sau ɗaya ke nan, kuma da ruwan famfo. Ba zan ce miki na iya ba.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

ko za a bar mana wuta gobe har in gama;

ko murfin yana zubar da iska, don jiya na ji kamar ɗan huci;

ko abin da ke cutar da yaran yana cikin rijiyar ma;

ko wa zai buge mini hannu gobe in na kai shi.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya mana. Ni kuma ya ba ni ikon cire hannu.

'Yarki mai kewarki,
Asma'u